Na Ce Mata Wuta Aka Ɗauke

Ku da kuke bin wannan labari nawa a wayoyinku, yau ku karanta a hankali, kuma in dariya ta zo muku ku yi ta ƙasa-ƙasa, don kaina a sunkuye nake rubutu. Wata a cikinku ta aiko tana tambaya wai da gaske ne mai shekara sittin da takwas ke wannan surutu na soyayya. Da gaske ne, 'yata. Gemu ya yi fari, amma ba wanda ya kai wa zuciyar labari.

Ga wanda yau ya fara: sunana Shuja'uddin, a kasuwar Chatta ana ce mini Shuja Miyan. Katin gayyatar aure nake tsarawa, a shagon da in ka miƙe hannu biyu za ka taɓa bangonsa duka. A aji biyar na bar makaranta, mahaifina ya kai ni wurin mai rubutun hannu, na yi shekara talatin ina fiƙe alƙalamin gora. Da kwamfuta ta zo ta ci sana'ar, na koyi manhaja ɗaya tak, tsohuwa, wadda take jan harafin Urdu kusan yadda hannu yake ja. Ita kaɗai na iya, kuma ita kaɗai nake so.

Shekara uku da suka wuce tsohuwar kwamfutata ta mutu, sabuwar kuma ta ce ba ta san manhajata ba. Sai Nuzhat, 'yata tilo, wadda aikinta kula da injinan wani kamfani ne a unguwar Gachibowli, ta zo ta gina mini tsohuwar a cikin sabuwar.

"Abba, wannan tagar da kake gani kwamfuta ce guda. Tana da faifanta, tana da agogonta, tana tashi tana kwanciya."

"To ina jikinta?"

"Ba ta da jiki. Fayil ce guda, babba."

"Ta san a cikin wata take?"

"Ba ta sani ba. A ganinta ita kaɗai ce a duniya."

Kwana uku na yi ina juya wannan maganar. Ni mutum ne mai tara abin mamaki. A gwangwanin biskit ɗin da ke ƙarƙashin teburina akwai wani ɗan tattasai busasshe da na samu a cikin cikin wani tattasai, da mabuɗin da ba a taɓa ganin kwaɗonsa ba, da ɓawon ƙwai mai gwaiduwa biyu. Sai ga wannan, wadda ba ta san akwai wani sama a kan samanta ba. Na raɗa mata suna 'Yar Ciki. Na kuma ɗauka, da wautata, cewa abin da aka ɓoye a wurin da ba shi da jiki ba mai ganinsa.

Yanzu sai Sarwat Begum. Mijinta, Master Mahbub Ali, malamin lissafi, ya rasu shekara shida ke nan. Matata Zakiya kuwa shekara tara da rasuwa. Farkon zuwan Sarwat shagona katin auren 'yarta ta kawo. Na nuna mata gwaji, ta gyara tabarau, ta ɗora yatsa a kan takardar ta ce, "Shuja Sahib, wannan harafin ka ja shi da yawa." Shekara ashirin ba wanda ya kalli harafina. Kowa zinariyar gefe yake kallo. Ranar na koma gida na manta takalmina ɗaya launin ƙasa ne, ɗaya baƙi.

Ban taɓa ce mata komai ba bayan gaisuwa. Ga abin da na yi maimakon haka, kuma a nan kunyar take. Duk lokacin da sabon adon gefe ya shigo kasuwa, sai in gwada shi da sunana da nata. Ango, Shuja'uddin. Amarya, Sarwat. In sa rana, in sa wurin walima, har da lokacin fitar da abinci. Ranar ta wuce, in sa wata. Kati goma sha tara.

Kun san a ƙasan kowane kati ana sa sunan mai gayyata, kuma ango ba ya gayyata da kansa, sai uba ko uwa ko wani babba. Ni ba uba ba uwa. Yayata Khurshid Apa kuwa gara ta haɗiye akwatin ganyen pan ɗin da take taunawa da ta ga sunanta a kan irin wannan. Ita kullum saƙonta a waya ɗaya ne: "Shuja, 'yarka ta shiga talatin da ɗaya. Masu neman aurenta na unguwar Malakpet ma ta kore su. Wai wa zai duba Abba. Kai dutse ne ko uba?" To sai na rasa wanda zan sa, na sa sunan Nuzhat.

A watan jiya Sarwat Begum ta dawo, auren ɗanta Faraz. Ta ciro wata takarda daga leda, naɗe cikin hankici. Ashe kafin Master ya rasu ya rubuta da hannunsa addu'ar da yake so a sa a saman katin ɗansa, layi biyu. Rubutun malamin lissafi ne, a tsaye ƙyam, ba kyau ba muni. Na yi sikanin ɗinta na ajiye a cikin 'Yar Ciki, na mayar mata da takardarta. Bayan mako guda ruwan sama ya bi ta rufinsu ya sauka a akwatinta. Ta turo mini saƙo: "Shuja Sahib, takardar Master ta narke. Alhamdulillahi tana wurinka."

Alhamis bayan azahar ina zaune ina gyara kati na sha tara, mai adon ganyen mangwaro, sai na ji muryarta a ƙofar Ghouse mai ɗinkin littafi tana tambayar lafiyar ƙafarsa. Fuskar kwamfutata ƙofa take kallo. Sunanta na nan ɓaro-ɓaro, tsawon tafin hannu. Na lalubi linzamin kwamfuta, ya faɗi ƙasa yana lilo. Na danna wani abu, sunan ya ƙara girma. Sai na duƙa ƙarƙashin tebur na fizge wayar kwamfutar daga bayan akwatin batir.

Ta shigo. Mayafi ruwan toka a kan baƙar burƙa, bakin hannun rigarta mai ƙananan furanni kore, tabarau da igiya, ƙamshin kadamom ɗin shayi.

"Na zo in ga katin Faraz."

"Wuta aka ɗauke, Begum Sahiba."

Fanka na juyawa a saman kanmu. Har gefen mayafinta take kaɗawa. Ta ɗaga kai ta kalle ta, ta sauko da ido ta kalle ni, ga ƙurar ƙarƙashin tebur a gwiwar wandona.

"Allah ya kawo ta," in ji ta. "Asabar da la'asar zan dawo. Litinin za a fara rabo."

Tana fita na mayar da waya. Babbar ta tashi lafiya lau. 'Yar Ciki kuwa taga baƙa, da layin Turanci guda fari a sama. Na kashe na kunna, na kashe na kunna, sau goma sha ɗaya. A na ƙarshe ta yi shuɗi ta tambaye ni wani abu da na gane kalma ɗaya a ciki, gyara. Na ce to. Ta fara ƙirga, ta kai arba'in da uku ta tsaya cak. Na jira har aka kira magariba, sannan na sake fizge wayar. Ghouse ya ce in buga mata tafi a gefe. Na buga. Na yi mata tofi ma, kar in ɓoye muku.

Juma'a ban gaya wa kowa ba. Asabar da safe muna cin kichri, dafa-dukar shinkafa da wake, da romon tsamiya na ce, kamar abin bai dame ni ba, "'Yar Ciki ta ƙi tashi."

Nuzhat ta ajiye cokali. "Tun yaushe?"

"Shekaranjiya. Wuta aka ɗauke."

"Ka taɓa wani abu bayan nan?"

"Ni? Me na sani da zan taɓa?"

Ta goya ni a babur ɗinta, jakar aikinta a tsakaninmu. A shago ta tura hannun riga sama, ta ɗaure gashi da fensirina, ta zauna a kujerata. Ni na zauna a kan damin takarda. Ta karanta layin farin nan ta ce ma'anarsa ba ta sami abin da za ta tashi da shi ba. Ta leƙa ƙasa ta duba akwatin batir. Ta buɗe wani dogon jeri a babbar kwamfutar tana bi da yatsa.

"Abba."

"Na'am."

"Batir cike yake taf. Kuma babbar ta rubuta cewa an yanke mata wuta ƙarfe biyu da minti sha huɗu, sannan an sake yankewa ƙarfe shida da rabi. A tsakani an tayar da ƙaramar sau goma sha ɗaya."

"Ashe tana rubutawa?"

"Komai. Ba ta iya ƙarya ba, ba a koya mata ba."

Na ce wataƙila ƙafata ce ta taɓa. Ta kalli inda wayar take, can bayan akwati jikin bango, ta kalli ƙafata. Irin kallon mahaifiyarta ne sak.

"To ga hanya biyu," in ji ta. "Ranar da na gina ta na ɗauki hotonta, yadda take a ranar. Zan iya mayar da ita can. Minti biyar, ta tashi garau kamar ba abin da ya faru. Amma duk abin da ka yi a shekara ukun nan ya tafi. Ko kuma in buɗe faifanta in tsamo abin da zai tsamu, wannan kuwa yini ne. Akwai wani abu a ciki da babu shi a ko'ina?"

Jama'a, ku ji abin da tsoho ya yi. Na ga ƙofa a buɗe. Minti biyar, kati goma sha tara su koma inda suka fito, ba wanda ya taɓa gani, in mutu da mutuncina. Rubutun Master kuwa, ai ni mai rubutun hannu ne, na san yadda yake tsayar da alif ɗinsa, zan iya kwaikwayonsa har matarsa ba za ta gane ba. Wallahi har na fara zana shi a raina.

"Babu," na ce. "Duk tsofaffin katuna ne. An riga an yi bukukuwan."

"Ka tabbata? In na danna ba dawowa."

"Danna."

Ta ɗora hannu a kan linzami. Sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Na ciro. Sarwat Begum ce: "Faraz yana so a buga rubutun babansa da ruwan zinariya. Na ce a'a, baƙi, yadda ya rubuta. Ina so in ga hannunsa, ba ado ba."

"Tsaya!" Har Ghouse ya leƙo.

"Me ya faru?"

"Akwai. Akwai abu ɗaya."

Na gaya mata zancen takardar Master da ruwan sama. Wannan kaɗai na faɗa. Ta zare hannunta daga linzamin a hankali kamar ta taɓa murhu.

"Rubutun mamaci, kwafi ɗaya a duniya, ka ce mini in danna? Abba, lafiyarka?"

"Mantuwa ce. Tsufa."

Abu na farko da ta yi, ta kwafe babbar fayil ɗin nan gaba ɗaya zuwa wani faifai da ta zo da shi. Ta ce ba a taɓa asali, a kan kwafi ake aiki, in ya lalace a sake wani. Sannan ta tayar da wata ƙaramar kwamfutar, ita ma marar jiki, ta manna mata faifan 'Yar Ciki a gefe. Ta ce kamar mutum ne ya kasa tashi daga gado, sai a turo lafiyayye ya shiga ɗakinsa ya kwaso kaya. Da wata rana ce da na ji daɗin wannan ƙwarai, da na yi ta tambaya ko su biyun suna ganin juna.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta yi tsaki.

"Kayan suna nan. Amma littafin da ke riƙe sunayensu ya yage. Fizgar farko ta ji masa ciwo, gyaran da aka katse ya ƙarasa shi. Wanda bai taɓa komai ba ya yi aiki."

"To yanzu fa?"

"Za su fito ba suna, lamba kawai. Sai mun buɗe ɗaya bayan ɗaya."

Suka fara zubowa, lamba bayan lamba, har dubu biyu da ɗari uku da wani abu. Na ce, "Ke je ki sha shayi ki huta, ni zan duba."

"Kai da ka danna gyara? Zauna inda kake."

Ta fara buɗewa. Rabin auren tsohon gari ya bi ta gabanmu. Tana karantawa tana sharhi. "Waɗannan sun haifi tagwaye. Wannan ai ya gudu Dubai. La, wannan ba ita ce aka yi faɗa kan shinkafar biryani a bikinta ba?" Wasu sun fito rabi, ango na nan amarya ta zama toka. Ni ina zaune ina addu'ar da ban taɓa yi ba: Allah ka sa na Master ya riga nawa fitowa.

Bai riga ba.

A lamba ɗari bakwai da sittin da biyu ta buɗe baki za ta yi sharhi, sai ta rufe. Mai adon tauraro ne, na farko da na fara yi da sunana da na Sarwat. Ta karanta sama. Ta gangara ƙasa. Na ga inda idonta ya tsaya.

Ni takalmina nake kallo. Akwai inda na ɗinke maɗaurinsa da zaren Ghouse, na ƙirga ɗinkin, bakwai ne. Na so ƙasa ta tsage, ko in zama fayil in shige inda ba jiki.

Ta danna na gaba. Na gaban ma shi ne, mai adon fitila. Na bayansa ma. Duk wanda ta samu sai ta ja shi gefe ta ajiye a wuri guda, fuskarta ba ta nuna komai, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Aka kira azahar, na tafi masallaci na dawo, tana nan tana dannawa.

Wajen ƙarfe uku, a lamba dubu ɗaya da ɗari takwas da sha biyu, rubutun Master ya fito. Wani zane mai toka ya ratsa ƙasan takardar, amma layi biyun nan ba abin da ya taɓa su. Alif ɗinsa na tsaye ƙyam. Na kalle shi na san da ban iya kwaikwayonsa ba. Akwai 'yar rawar hannu a ƙarshen layi na biyu, ta mutumin da ya san ba zai ga bikin ba, wadda ba mai kwaikwayonta.

Ta ajiye shi a wuri uku. Ta mayar da 'Yar Ciki hoton ranar farko, ta tashi garau, ta zuba mata kayan. Ta buga gwajin katin Faraz. Sannan ta juyo da kujera.

"Goma sha tara."

Na gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Shekara uku."

"Ta sani?"

"Ta ga fanka."

"Wace fanka?"

Na ba ta labarin. Ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa, na ɗauka dariya ce. Da ta sauke mayafin na ga ba dariya kaɗai ba ce.

"Shekara uku ina korar mutane ina cewa Abba ba shi da kowa. Ina shan zagin gwaggona, Fufu Khurshid. Har da wanda ban so in kora ba, Abba. Ashe Abba yana da kati goma sha tara."

Wannan ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba. Na yi ta nazarin ko 'Yar Ciki ta san a cikin wata take, ban duba wadda ke zuba mini shayi kullum ba. Duk kunyar da na ji tun Alhamis wasa ce a kan wannan.

"Ki yafe mini. Ammi ɗinki ma..."

"Bar Ammi. Ammi da ta gani sai ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ka san abin da ya fi ba ni haushi?" Ta nuna ƙasan katin. "A sana'arku ana sa sunan mutum a nan ba a tambaye shi ba?"

"Ba a yi."

"In wani ya kawo maka haka?"

"Sai in ce ya je ya tambayo."

"Kuma mai gayyata, bayan sunansa a kati, me ke aikinsa?"

Na kama gyara takardun da ke gefena. Ta ce, "Ina jin ka, Shuja Miyan. Fiye da shekara hamsin kana wannan aiki."

"Shi ke kai magana gidan amarya."

Ta juya ta buɗe na sha tara, mai ganyen mangwaro. Ta goge ranar da na sa, ta bar wurin fari. Firinta ta yi kukanta. Ta ɗauki ambulan biyu daga kantata, masu kyau, ba na gwaji ba.

"Nuzhat, don Allah. Don girman Allah. Mutane za su ce me?"

"Za su ce adon gefen ya yi kyau, ai shi kaɗai suke kallo." Ta warware gashinta ta miƙo mini fensirina, ta gyara mayafi. "Na tura mata saƙo kar ta wahala, zan kai mata katin Faraz gida. Kai zauna ka yi gadin 'Yar Ciki. In ka sake taɓa wayar nan, wallahi sai na sa mata kwaɗo."

Na ji tashin babur ɗinta. Na zauna. Na buɗe gwangwanin biskit na rufe. Ghouse ya leƙo ya ce na yi kama da wanda aka karanta wa sakamakon asibiti, na ce ya koma ɗinkinsa. Aka kira la'asar, na yi salla ban san raka'a nawa na yi ba.

Ƙarfe biyar da kwata waya ta yi ƙara. Saƙo biyu, duka daga Sarwat Begum.

Na farko: "Na ga hannun Master. Allah ya saka maka."

Na biyu hoto ne. Katin ganyen mangwaro a kan tabarmar gidanta, da yatsanta a kai, da bakin hannun riga mai furanni kore. A ƙasa ta rubuta: "Shuja Sahib, harafin ƙarshe na sunana ka ja shi da yawa."

Ba e, ba a'a. Na karanta ya fi sau ashirin. Ku da kuka fi ni ilimi ku gaya mini, macen da za ta ce a'a tana tsayawa gyaran harafi?

Ni dai ban ba da amsa ba tukuna. Amma na buɗe 'Yar Ciki, fuskarta tana kallon ƙofa, duk mai wucewa yana gani, na rage harafin.